Nakiyar Sabon Turmi

"Mama, in ci?"

Wannan ce tambayar da na fi ji a bakin 'yata tun da ta iya magana. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce, kuma wayewata ba ta kai ta rangaɗa wa 'yar fari suna ba. A gidan biki, a gidan suna, a bakin Islamiyya, duk inda aka miƙa mata abin zaƙi sai ta riƙe a hannu ta waiwayo tana neman idona. Sau da yawa amsar a'a ce. Jikinta ba ya karɓar nonon shanu da duk abin da aka yi da shi, haka ma ƙwai.

A wurin yaye muka gane. Da lokaci ya yi na ɗauke ta daga Gwadangaji, nan gefen Birnin Kebbi, na kai wa Inna, mahaifiyata, a Argungu, kamar yadda kowa ke yi, na juyo ina share hawaye da bakin gyale kada a gani. Inna ta dama fura da kindirmo mai kyau ta ba jikarta don ta manta da ni. Kafin la'asar fuskar yarinya ta kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi yana fita da ƙyar. Allah ya sa asibiti ba nisa. Ta warke sarai, likita ya faɗa mana abin da za mu kiyaye, muka dawo da ita gida.

Babu wanda ya ga laifin Inna sai Inna. Daga ranar ba ta ƙara ba yarinyar wani abu da hannunta ya sarrafa ba. In mun je Argungu sai ta tara mata lemo, ayaba, rake, gyaɗa mai ɓawo, wato abin da Allah ya rufe da kansa. Kwana kuwa ba ta yarda a bar mata ita. Jikokin gidan duk suna hutu a ɗakinta, suna cin tuwonta suna yi mata tsiya, tawa kaɗai ake sakowa a mota da yamma da ledar lemo a cinya. Abin yana ci mini rai ƙwarai, amma ba ni da bakin magana. Wa zai tsaya gaban uwarsa yana yi wa 'yar fari ƙorafi?

Abin da na iya shi ne shiga kicin. Tunda gullisuwa da tuwon madara sun haramta a gidana, sai na koma wa abin da ƙasa ke fitarwa, na tarar ashe ba kaɗan ba ne. Gyaɗa da riɗi ba sa yi mata komai, haka aya da kwakwa da dabino. Na fara da kantu. Na soya riɗi, na narka sukari, na haɗa na zuba a faranti, sai maƙwabciya ta yi sallama muka tsaya hira. Ban san da zafinsa ake yanka shi ba. Ko da na dawo, wuƙa ta ƙi shiga. Maigidan ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa, ya ce a adana, ƙofar banɗaki na neman faci. Ban yi dariya ba sai da ya fita.

A hankali hannuna ya faɗa. Na iya kwakumeti, na san daidai lokacin da kwakwa ke yin ja ba ta ƙone ba. Na iya dakuwa, aya da gyaɗa da ɗan barkonon da ke tsikarar harshe daga baya. In an kawo wuta na ƙulla kunun aya da dabino a leda ya daskare, yaran layinmu su cika mini ƙofa. Wata abokiyar aikina ta ce wai a wasu ƙasashe akwai masu barin nono da ƙwai da gangan, lafiyarsu ƙalau. Na ce to Allah ya ba su haƙuri, su zo Gwadangaji in koya musu dakuwa.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, nakiya. Ko da bai gagare ni ba, nakiya ta Inna ce. A unguwarsu ba a haɗa gara ba a zo wurinta ba. Shinkafar fadama take amfani da ita, ta gonar gidanmu, da mazarƙwaila, da citta da kanumfari da masoro, sai man shanu mai yawa wanda ƙamshinsa ke riƙe hannu har washegari. Da wannan ƙamshin na girma. 'Yata kuwa ta kai aji uku a firamare ba ta san ɗanɗanon nakiyar kakarta ba.

Da bikin ƙanwata ya matso, muka tafi Argungu aikin gara. Na tafi da galan na man gyaɗa wanda na tsaya aka matse a gabana. Na ajiye shi gaban Inna. Ta dube shi, ta dube ni.

"Wanga hwa?"

"Na nakiya na, Inna. Ki gwada muna da shi ko kaɗan ta."

"Nakiya babu man shanu? Wagga ai ba nakiya ba ta, ƙullun shinkahwa na."

Ta faɗi haka, amma idonta na kan jikarta, wadda ke zaune bakin rijiya tana ɓare lemo. Can sai ta ce a ware mata garin kwano guda.

Gidan ya cika da mata, ƙawayen Inna da matan yayyena. Aka soya gari har ya yi ƙamshi, aka narka mazarƙwaila ta yi danƙo. Inna ta ce na man gyaɗar za a fara dakawa, kafin a buɗe ƙwaryar man shanu. Aka wanke babban turminta, wanda ta zo da shi gidan tun tana amarya, aka goge, aka kife ya bushe. Aka daka. Nakiya ta haɗu ta yi santsi, har waɗanda suka fara taɓe baki suka matso suna leƙe. Inna ta cura 'yar ƙarama ta kira yarinyar.

"Taho, ƙawa."

Haka take kiranta. Yarinya ta taho da gudu tana goge hannu a siket. Ta miƙo hannu ke nan sai na ga Inna ta tsaya. Ta kai curin hancinta ta shinshina. Ta sunkuya ta tura kai cikin turmi ta shinshina. Sai ta maida hannunta baya.

"Tsaya. Kak ki ci."

"Lahiya, Inna?" in ji ni.

"Man shanu. Ga ƙamshinai nan."

"Ba mu buɗe shi ba hwa. Kuma mun wanke turmin."

"Wanki na hidda abin da icce yas sha? Turmin ga na shan man shanu tun ba a haihe ki ba."

Na karɓa na shinshina. Gaskiyarta ne. Yana nan can ƙasa-ƙasa, ƙamshin da na sani tun ina goye. Mu 'ya'yan gidan a nan muka girma, hancinmu ya saba da shi har ba ma jin sa a jikin turmin. Yarinyar ce ta fara magana, tana murmushi irin na wanda ya saba.

"Ba komi, Inna. Ki ba ni lemu."

Wallahi da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta yafa mayafi ta fita, ita da ko cefane aike take yi. Muka ci gaba da aikin gara jiki a sanyaye. Wajen azahar muka ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida, yara suna ihu. Na leƙa. Sabon turmi ne fari tas a zaune a kujerar baya, Inna a gefensa ta rungume shi kada ya faɗi, taɓarya biyu sun leƙo waje.

Mata suka kwashe da shewa. Wata tsohuwar ƙawarta ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe bikin biyu na! Tsohuwa ta sawo kayan ɗaki, wa am mijin?"

"Naki na," in ji Inna. "Ya ce ya gaji da tuwonki."

Sabon turmi ba a fara masa da abinci. Aka zuba dusa aka yi ta kirɓawa har cikinsa ya yi laushi, ɗacin icce ya fita. Inna ta sake jiƙa wata shinkafar, ta wanke tukunya da toka da kanta, ta hana kowa taɓa rariya da hannun da ya shafi man shanu. Wadda ta matso sai an shinshina tafinta. Matar yayana ta ce ko a filin jirgi ba a yi mata irin wannan bincike ba.

Da hantsi washegari aka daka gari, aka tankaɗe, aka soya. Da aka zo haɗawa Inna ta karɓi taɓarya ɗaya ta miƙa mini ɗaya. Rabon da in ga ta yi lugude tun ina budurwa. Ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, turmi yana amsawa, mata suna guɗa, ni ina haki ina ƙoƙarin kada tsohuwa ta kunyata ni a gaban jama'a. Ta kunyata ni ɗin.

Ta shafa man gyaɗa a tafi ta cura. Ta shinshina, ta ba ni na shinshina, ta ba ƙawarta. Babu komai sai citta da mazarƙwaila da ƙamshin soyayyar shinkafa. Ta kira ƙawa. Wannan karon yarinya a hankali ta taho. Ta karɓa ta riƙe, ta waiwayo.

"Mama, in ci?"

Na buɗe baki, Inna ta riga ni.

"Yau ba uwakki za ki tambaya ba. Ni nid daka. Ci."

Ta gutsura. Mata sun fi goma a tsakar gidan, kowa ya bar abin da yake yi yana kallon bakin yarinya guda. Ta tauna, ta haɗiye, ta lashe yatsa. Inna ta zaunar da ita kusa da ita, tana hira da mutane amma bini-bini sai ta juya fuskar yarinyar ta duba, ta ɗaga hannun riga ta duba. Rana ta take, aka yi azahar, babu ko ƙurji ɗaya. Abin da ya fito kawai shi ne hannu, an miƙo ana neman ƙari.

Inna ta rangaɗa guɗar da ba ta yi wa amarya irinta ba, sannan ta shige ɗaki wai hayaƙi ya shiga idonta. An daɗe da kashe wuta a lokacin. Ni ma farin ciki ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina, sai na hau wanke tukwanen da aka riga aka wanke.

Turmin nan yana ɗakin Inna har yau, a kife bayan ƙofa, ba a tsakar gida ba. Maƙwabta sun zo aro sun gaji. Ita dai har gobe tana cewa ta man shanu ta fi, ni ma ban musa ba.

Da aka watse biki muka haɗa kaya za mu koma Birnin Kebbi. Na kira yarinya ta shiga mota. Inna ta fito zaure riƙe da hannunta, ta ce da ni, ba ta ko dube ni ba:

"Ku tahi. Ba a ƙare yayen ba."

Direba ya tayar da mota. Na waiwaya ina jiran in ga ta biyo mu da gudu tana kuka. Tana tsaye jikin zanen Inna, kumatu cike da nakiya, tana ɗaga mini hannu ɗaya. Ɗayan yana cikin kwano.