Inda Fitilar Take Kallo

Nadine Cribbs ba ta da haƙuri da fitilar banza. Shekara ashirin da shida ta yi tana haɗa wa masu nutso fitilu a garejin gidanta da ke kusa da kogin Suwannee, kuma masu sayen da ta kora sun fi waɗanda ta sayar wa yawa. Mutum zai shigo yana neman wadda ta fi kowacce haske, sai ta dube shi sama da ƙasa ta tambaye shi ko biki zai haɗa a cikin kogon.

Haske mai faɗi na masu ɗaukar hoto ne, in ji ta, da ruwa ya ɗan gurɓace sai ya dawo maka cikin ido. Wanda zai kutsa kogon ruwa siririn haske yake buƙata, mai tsaga laka ya faɗi a gaban abokin tafiya, tunda a can ƙasa da fitila ake magana. Dole fitilar ta zauna daram a bayan hannu don yatsu su sami damar riƙe igiya. Makunni guda ya isa, mai tsoro ba ya tuna na biyu. Batir kuwa, in an rubuta awa biyar a kwali, sai ta tsoma fitilar a bokiti ta zauna da agogo, kuma yawanci ƙarya take kamawa.

Yayanta Purvis ne kaɗai ke yi mata tsiya ya kwana lafiya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya fara shigar da ita kogo tana 'yar shekara goma sha shida. Ya yi ritaya daga gyaran layin lantarki, tumbi ya fito, matarsa ta daɗe da barin gidansa, amma duk Asabar yana ƙofar garejin da a-kori-kurarsa da ledar dafaffiyar gyaɗa.

"Ke da fitila kika aura da kowa ya huta," in ji shi.

"Kai da ka auri mutum fa, Yaya? Ina take?"

Ya yi dariya har ya ƙware.

Ranar wata Asabar cikin watan Maris suka shiga maɓuɓɓugar da ke bayan gonar wani maƙwabcinsu, kogon da suka shiga ya fi sau ɗari. Purvis na gaba, tana biye, dukkansu suna bin igiyar da aka shimfiɗa daga ƙofa har can ciki. Sun yi kusan minti arba'in suna tafiya sai suka iso wani matsatsi. Tukunyar iskar Purvis ta gogi rufin, laka ta zubo, kafin Nadine ta ƙifta ido ruwan ya koma kamar kunu.

Ta cafke igiyar. Ta bi ta gaba da lalube tana jiran hannunta ya taɓa ƙafarsa, bai taɓa ba. Ta girgiza igiyar, babu wanda ya amsa daga ɗaya gefen. Ta manna fitilarta a ƙirji don duhu ya nuna mata tasa, ba ta ga komai ba. A nan ta san ya saki igiyar, kuma tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta ɗaura zaren da take ɗauke da shi a jikin igiyar ta fita nema, dama da hagu, tana ƙwanƙwasa tukunyarta da ƙarfe tana saurare. Numfashinta kawai take ji, shi ma ya yi yawa. Iska kashi uku ake raba ta, na shiga, na fita, da na ɗan'uwa. Ta cinye na ɗan'uwa, ta fara cin na fita. Ta ce wa kanta sau ɗaya za ta ƙara kewayawa, ta kewaya sau uku. Da ta kai ma'aunin iskar bakin ido ta karanta, ta gane in ba ta juya yanzu ba gawa biyu za a fitar.

Akwai abin da ake yi in dole ta sa a bar mutum. Ta maƙala kibiyar roba a igiyar mai nuna hanyar fita, ta ciro ƙaramar fitilarta ta ajiya, ta kunna, ta ɗaure ta kusa da kibiyar. Ta san awa tara take ci, ita ta gwada ta. Sannan ta juya ta bar yayanta, tana kuka a cikin gilashin fuska inda ba dama ta share.

Kusa da ƙofa dole ta tsaya minti ashirin a ƙarƙashin wani gungume, in ba haka ba iskar da ta taru a jininta ta naƙasa ta. Tana rungume da gungumen, idonta na kan bakin kogon, sai abin ya faɗo mata. Kan fitilar ƙofa yake kallo. A cikin kogo komai ƙofa yake nunawa, kibiya, alama, har yatsan mutum, kuma hannunta ya yi abin da ya saba shekara talatin. Purvis kuwa yana can ciki, a bayan fitilar. Ta saki gungumen ta nufi kogon, ta ja numfashi, iskar ta zo da ƙyar kamar ana zuƙa ta tsinken ciyawa. Ta koma ta rungumi gungumen. Minti goma sha huɗu suka rage mata, kuma ta ji kowannensu.

Da la'asar Otis Faircloth, abokin Purvis tun suna samari, ya shiga kogon da wasu mutum biyu. In irin wannan ta faru shi hukuma ke kira. Nadine na zaune a bayan a-kori-kurar, ko kayan nutson ba ta cire ba, aka fito da yayanta aka rufe shi da mayafi. Otis ya zo ya miƙa mata ƙaramar fitilar. Tana ci.

Ta tambaye shi inda suka same shi. Ya ce a wani lungu ne bayan matsatsin, bai fi taku goma daga inda ta ɗaure fitilar ba, kuma lakar ta riga ta kwanta.

"Ina kanta yake kallo, Otis?"

"Ƙofa mana, ƙanwata. Inda ya kamata. Ba ki yi kuskuren komai ba."

Ya dafa kafaɗarta ya tafi wajen 'yan sanda. Ta shiga inuwar motar, ta miƙa hannu, ta juya fitilar ta dube ta daga baya. Ko ɗigon haske ba ya fita ta nan. Ita ta haɗa ta, kuma ta haɗa ta da kyau.