Ranar da matar abokina ta zo sayen "mai yaji"

Shekarun baya, lokacin da data take da tsada kuma ba kowa ke iya sauke fim da kansa ba, ina da ɗan shago kusa da Tina Junction. Shago dai a baki. Rabin kwantena ce da teburi da tsohuwar kwamfuta, sai lasifika mai kururuwa da nake kiran kasuwa da ita. Sana'ata tura wa mutane abubuwa a waya: waƙoƙi, finafinan Hausa da na Indiya, wasan ƙwallo, karatun Alƙur'ani, wa'azi, har waƙoƙin coci ga mai so. Mutum ya miƙo memori, in cika masa, ya kama gabansa.

Akwai kuma wasu kaya da ba na fitowa da su sai an tambaya. Mai so yakan jira shago ya yi sauƙi, ya matso kusa, ya rage murya ya ce, "Oga, akwai mai yaji?" Finafinan batsa ake nufi. Ina ajiye su a wani ɗan akwatin ajiya baƙi da ake jonawa a kwamfuta, bai wuce girman sabulun wanka ba. Wani da muke sana'a ɗaya ne ya ce mini in ba ni da su kwastomomi za su riƙa wuce ni, ni kuma ban yi dogon musu ba.

A lokacin ina da hujjoji masu kyau ƙwarai. Ba ni na yi fim ɗin ba, ban kuma ce wa kowa ya kalla ba. In na ƙi sayarwa, shago na gaba zai sayar. Kallon da nake yi da kaina kuwa, na sa masa suna duba ingancin kaya, don kada in ba kwastoma abin da ba ya buɗewa. Abin mamaki, ban taɓa zama na duba ingancin wa'azi ko guda ɗaya ba.

Abokina, wanda muka tashi layi ɗaya a Dilimi, direba ne. Yana jan motar wani kamfanin madara, ya ɗauko yogot daga Vom da safe ya rarraba wa shaguna a cikin gari. Mutum ne mai barkwanci, in yana majalisa ba a jin muryar kowa sai tasa. Da zai yi aure ni ne babban abokin ango, ni na yi sayen bakin amarya. Kuma ni ne, saura mako guda biki, na karɓi wayarsa na cika masa memori ina dariya, na ce masa ga karatun aure nan, ya je ya yi bita. Kafin ranar bai taɓa tambayata ba.

Da farko sau ɗaya yake leƙowa a wata. Sai ya koma duk mako. Kafin shekara ta zagayo, kusan kullum sai ya faka motar a gaban shagona.

"Waɗannan duk na gani," yakan ce. "Ba sabo? Wanda ya fi wannan zafi."

Abin da yake kira mai zafi a watan jiya, a wannan watan ya zama lami. Ya daina zuwa majalisa, ya daina zuwa kallon ƙwallo. In ka yi masa magana sai ka maimaita. Daga baya na ji cewa yakan tsaya da mota a gindin wata bishiya wajen Bukuru, ya kashe inji ya yi awa biyu a ciki, yogot na ɗumi a baya, masu shaguna na ta kiran kamfani. An ja masa kunne sau biyu, a na uku aka karɓe makulli. A unguwa aka ce rage ma'aikata aka yi. Na taya shi jaje, na kuma cika masa memori a ranar, wai don ya rage damuwa.

Wata Alhamis bayan la'asar ana ruwa irin na Jos, mai sauka da sanyi har cikin ƙashi, ba kowa a shagon, sai ga matarsa da lema. Ba ta taɓa zuwa ba. Na miƙe da fara'a.

"Amaryarmu, yau ke ce da kanki? Wayar ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau," ta ce. Ta naɗe lemar, ta jingine ta a ƙofa, ta ajiye wayar a kan teburi. "Mai yaji nake so."

Na yi kamar ban ji ba. Na ce akwai sabon fim ɗin Indiya mai fassara.

"Na ga saƙonnin da yake turo maka. Ba haka kuke kiransa ba? Saka mini irin wanda kake saka masa."

"Haba amarya, wace irin magana ce wannan?"

"Ban zo faɗa ba, Malam. Saye na zo yi." Muryarta ba ta ko rawa, kamar mai tayin tumatir. "Shekara biyu ke nan ina zaune da mutum, in kai masa abinci ya ci bai san me ya ci ba. In yi kitso, in yi lalle, har ya goge bai gani ba. Ran da ya tuna da ni kuma, sai ya zo mini da wasu abubuwa da ban san inda ya samo su ba. In na ce da ciwo, ya ce ni baƙauya ce. To ina so in ga abin da yake kallo, tun da ni ya daina kallona."

Na rasa inda zan sa idona. Abin da ya zo bakina kawai shi ne, "Wannan ba na irinku ba ne."

"Na su wa ne?"

Ta ba ni lokaci, ta tsaya tana jira kamar da gaske amsar take so. Ruwa na ta dukan kwano. Can ta ce, "To shi ke nan. Saka mini karatu, kada in zo a banza." Na jona wayarta da igiyar da nake jona ta mijinta, na tura mata karatun. Ta yi godiya, ta ce in gaida Inna, ta buɗe lemarta ta fita.

Da zan yi wa kaina ado, sai in ce tun daga ranar na tuba. Gaskiya na goge komai kafin in rufe shago, na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga Hajji. Amma ni ma'aikacin kwamfuta ne, na san yadda ake dawo da abin da aka goge. Kwana tara na yi. A na goma na dawo da su duka, babu wanda ya ɓata, kuma ba don wani kwastoma ba. Ranar na gane cewa babban kwastoman shagon nan ni ne.

Da na fara lura, sai na ga alamun sun daɗe. Mace ta shigo sayen waƙa, kafin ta gama sallama kaina ya riga ya kai ta wani wuri. Ina sallah, hotuna na wucewa. Mahaifiyata ta nuna mini 'ya'yan mutane har uku, kowacce sai na samo mata aibu. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Kai wai wace iri kake nema ne? Ko sai an ƙera maka?" Na yi dariya, amma na san inda ma'aunina ya fito.

Maƙwabcin shagona wani dattijo ne mai walda, ɗan asalin Filato, dattijon coci ne a unguwarsu. Baba muke ce masa. Kwano ɗaya ne ya raba shagunanmu, ashe duk abin da matar abokina ta faɗa ya shiga kunnensa. Bai ce komai ba sai bayan kusan wata guda, ranar da ba wuta muna zaune a benci muna cin gasasshiyar masara.

"Yarinya nan da ya zo cikin ruwa," ya ce da irin Hausarsa, "na ji magana nashi. Kai kana da kirki, ɗana. Amma abu nan yana cin ka. Har yanzu yana nan?"

Na ce yana nan.

"Kawo shi."

Na shiga na ɗauko akwatin. Ya ɗora shi a kan ƙarfen da yake dukan aiki, ya miƙo mini guduma. Na ce ya buga mana. Ya ce a'a, shi ba nasa ba ne. Bugun farko na yi shi a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Baba ya ce, "Haka kake aiki?" Sai na buga da ƙarfi har sau biyar.

Wannan ma bai zama ƙarshe ba, domin a lokacin data ta fara araha, abin da na farfasa yana nan cikin kowace waya. Sai da na ajiye babbar wayata na koma ƙarama mai tocila fiye da shekara. Na juya teburina yadda duk mai wucewa zai ga fuskar kwamfutar. Kullum da safe Baba zai leƙo ya ce, "Yaya jiki?" Mu biyu kaɗai muka san jikin da yake nufi. Ran da na faɗi na sake kallo, in ce masa da sauƙi dai. Ba ya wa'azi, sai ya ce, "To, yau kuma sabon rana." Na faɗi ya fi a ƙirga kafin tazarar ta fara tsawo.

Abokina kuwa, da ya zo na ce masa babu, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ka koya mini, yau kuma kai ne malam?"

Na ce haka ne, ni na koya masa. Na fara ba shi labarin zuwan matarsa, bai tsaya ji ba. Ya tsallaka titi zuwa wani shagon.

Bayan wata huɗu matar ta koma gidan iyayenta. Dattawa suka zauna sau biyu a kan maganar. Aka yi ta tambayarta abin da ya yi mata: yana dukanta? A'a. Ya hana ta abinci? A'a. To mene ne? Ta ce ba sa jituwa ne kawai. Wace mace ce za ta buɗe baki ta faɗi irin wannan a gaban mahaifinta da kawunnanta? Aka ce yaran zamani ba su da haƙuri, don miji ya rasa aiki shi ne za ta gudu. A zama na biyu ina tsakar gidan, ni na rako abokina duk da saɓaninmu. Na ji komai ta taga. Na san in na shiga na faɗi gaskiya, tambaya ta gaba ita ce a ina yake samu. Na zauna ina kallon takalmana har aka tashi. Auren ya mutu a wannan makon.

Mun yi shekara uku ba ma magana da shi. Rasuwar mahaifinsa ce ta sake haɗa mu. Ya rame, yana jan Keke Napep, ya ce shi ma yana ta fama, wata rana ya yi nasara wata rana a kayar da shi. Muna zaune a tabarmar gaisuwa ya ce mini, "Ka san ranar da ta tafi, ƙanwata ta tambaye ni wane kaya ta sa, don a bi ta tasha. Wallahi a gabana ta wuce, amma ban sani ba." Yanzu ya samu sauƙi sosai, ya sake aure, muna gaisawa, ko da yake barkwancin nan nasa bai dawo duka ba.

Sana'ar tura fim ta mutu da kanta, na koma gyaran waya. Na yi aure, ina da 'ya'ya. Ita ma ta yi aure a Bukuru. Bara na gamu da ita a kasuwar kayan gwari ta Farin Gada tana zaɓen kabeji. Muka gaisa, na tsaya ina ta juya maganar a baki, sannan na ce ta yafe mini abin da na sayar wa mijinta na da.

"Wannan ai tsakaninka da shi ne," ta ce. "Nawa daban. Kana tsakar gida ana ce mini marar haƙuri, na hango hularka ta taga."

Na ce haka aka yi.

"Na yafe tun tuni. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Ta juya ta ci gaba da cinikinta.

Ba na ba da wannan labari don in ce na fi kowa, wanda ya san ni a wancan lokacin zai yi dariya. Abin da na gani dai shi ne, kowa a cikinmu yana ɗauka abin tsakaninsa da wayarsa ne, ba ya cutar da kowa. Haka na ɗauka, haka abokina ya ɗauka. Amma wadda ta fi kowa jin jiki a labarin nan ba ta taɓa kallon ko minti ɗaya ba, kuma har yau a Dilimi akwai tsofaffin da in aka ambace ta sai su ce, ai ita ce wadda ta gudu da mijinta ya rasa aiki. Duk wanda ya faɗa a gabana yanzu ina gyara masa, in ce ba haka ba ne, in kuma faɗi nawa hannun a ciki. Yawanci sai su dube ni, su ce ai abin ya wuce. Su a wurinsu ya wuce.