Kundin da Taubashina Ya Ɗauka

Ɗan kawuna ya fara ɗauke mini kaya tun ba mu san kanmu ba. Mahaifinsa wan Innata ne, ciki ɗaya, don haka shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace. Taubasai ke nan. A ƙauyenmu taubashi yana da izinin tsokanarka yadda ya ga dama. Ya fizge maka hula a ƙofar masallaci, ya zare rake daga hannunka, ya kira ka bawansa a gaban jama'a, in ka ɓata rai kuma kai za a yi wa dariya, a ce ba ka san wasa ba. Ni kuwa tun ina ƙarami ba mai magana ba ne. Idan ya ɗauki abu sai in koma gindin ɗorawar bayan gidanmu da littafina. Har aka saba da hakan, shi ke ɗauka, ni ke haƙuri, kowa hankalinsa kwance.

Tare muka shiga kwalejin ilimi, sashen Hausa, muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Bacirawa saboda iyaye sun ce haka ya fi. Shi mutum ne mai jama'a, ga babur, ga baki. Ban taɓa ƙinsa ba. Ya sha goya ni zuwa lakca, ya sha tare mini faɗan da ba zan iya ba. Na faɗi wannan ne don kada a ce tsohuwar ƙiyayya ce ta sa ni rubutu.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya rubuta kundi, wato binciken da ake miƙawa kafin a kammala. Na zaɓi kalmomin noma da ke ɓacewa daga bakin matasa. Hutun damina gaba ɗaya a kansa ya ƙare. Wajenmu babu daji, gona manne take da gona, gamba ce kawai iyaka, kana fita daga wannan unguwa ka hango rumbunan ta gaba. Na bi burtali da ƙafa, gida-gida, ina sallama ina jin kamar in juya in gudu don kunya. Tsofaffi suka yi ta bayyana mini bambancin noman firi da maimai, da yadda ake shukar binne kafin ruwa ya sauka, da yadda ake gicci a gonar gyaɗa. Duk kalmar da na ji a wani gida sai na sake tambayarta a wani gidan kafin in yarda da ita.

A wata unguwa ta Maguzawan da suka zama Kirista na tarar da wata tsohuwa tana tsinkar rama a inuwar rumbu. Ita ta ba ni mafi kyawun abin da ke cikin kundin. Ta yi mini bayanin gayauna, ɗan filin da miji ke yanka wa matarsa daga gandu, ta noma abinta, amfanin kuma nata ne ita kaɗai. Da ta ga ina rubutu sai ta nuna ni da reshen rama ta ce, "Ka sa yadda na faɗa, ɗan nan. Kada ka je birni ka gyara mini baki." Na ce mata to, kuma na sa yadda ta faɗa.

Ba ni da kwamfuta, a shago na buga aikin, da yatsa biyu, ina ajiyewa a filash. Da malamin da ke duba ni ya amince, sai ɗan kawuna ya ce zai shiga gari, in kawo ya kai a fitar mini a yi bango. Na ba shi. Ya dawo mini da kundina tsaf, na yi ta godiya. Har a shafin godiya na ambace shi, layi na biyu bayan iyayena. Duk lokacin da na tuna wannan layin sai na ji zuciyata tana tafasa.

Bayan mun miƙa, aka aiko shugabar sashe tana neman mu, mu biyu. Mace ce marar yawan fara'a, ɗalibai na tsoronta. Kundi biyu ne a kan teburinta. Ta buɗe nasa ta juyo mini da shi. Aikina ne, daga farko har ƙarshe. Take kawai ya sauya, da sunayen ƙauyuka. Ya kwashe unguwannin da na taka da ƙafata ya mayar da su wajen Rimin Gado, inda bai taɓa zuwa ba. Tsohuwar nan kuwa ya mayar da ita limamin wani gari. Shugabar ta sa yatsa a wani layi ta karanta a fili: "Limamin ya ce, gayaunar da mijina ya yanka mini tana bakin rafi."

Ta ɗago ta dube mu. "Wannan limami mai miji, a wane gari yake?"

Shi ya riga ni miƙawa, don haka ta ce ba za ta yanke hukunci da ka ba, kwamiti zai zauna. Ta bayyana mana dokar. Idan ni na ba shi, laifin namu ne mu biyu, za a soke kundin kowa, mu rasa shekara. Idan ɗauka ya yi ba da sanina ba, shi kaɗai hukunci zai hau, kuma yana iya kaiwa ga kora.

Da muka koma ɗaki ya kwanta a katifa ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Haba bawana, mene ne na kumbura fuska? Ka ga yadda ka yi, kamar an ce maka an daina sayar da littafi."

"Me ya sa ka yi?"

"Me na yi? Bawa yana da kaya ne? Duk na ubangidansa ne. Da nake ɗaukar hularka ka taɓa kai ni ƙara?"

"Kundi ba hula ba ne."

"To mene ne? Takarda ce da za a jefa a kabad gara ta cinye. Wa yake karantawa?"

"Ga shi an karanta."

Sai ya fashe da dariya har yana buga katifa. "Wallahi limamin nan ne ya tona mini asiri. Ko kaɗan idona bai kai kan mijin nan ba."

Dariyar nan ta fi satar yi mini ciwo. A ransa bai yi komai ba. Bai ga tafiyar da na yi cikin taɓo ba, bai ga matar da na yi wa alkawari ba. Ya cire ta daga maganarta, ya cire addininta, ya cire garinta, ya kafa wani namiji na ƙarya a wurinta, duk don kada a gane shi, kuma abin da kawai ya dame shi shi ne bai share kalma ɗaya ba. Da shugabar ba ta lura ba, kundin nan zai shiga laburare. Wani ɗalibi zai zo baɗi ya ɗauko, ya rubuta cewa a wajen Rimin Gado ana cewa kaza, in ji wani limami. Na bayansa ya kwafa daga wurinsa. Mu ne kuma waɗanda za a ba aji, mu tsaya gaban 'ya'yan mutane mu ce kada wanda ya leƙa takardar wani.

Kafin ƙarshen mako labari ya riga ni isa gida. Ina sauka na tarar da Kawu a tsakar gidanmu, kan tabarma, Inna tana gefe tana tankaɗe. Baba ya ce maganar dangin uwata ce, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma shigar mini a gaban mutane, balle gaban wanta. Kawu ya san haka sarai, shi ya sa ya zaɓi nan.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

"Na ji shirmen da ake yi a makarantarku. Idan sun kira ku, ka ce kai ka ba shi. Shi ke nan magana ta mutu."

"Kawu, ban ba shi ba."

"Na tambaye ka ka ba shi ne? Cewa na yi ka ce. Wasan taubasai ne za ku kai gaban hukuma? Mu da muka yi namu, har akuya an kama mini, ban kai kowa gaban dagaci ba."

"Za a soke nawa, Kawu. Zan rasa shekara."

"Shekara! Kai da kullum kanka ke cikin takarda, wani rubutun zai gagare ka? Shi fa kora ake cewa. Ka zaɓi takarda ka bar ɗan'uwanka?"

Na dubi Inna. Ba ta ɗago ba, amma rariyar ta tsaya a hannunta. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "A dai duba zumunci."

Ban iya jayayya da manya ba, sai na sunkuyar da kai. Babu wanda ya ce wa ɗan kawuna ya ba ni haƙuri. Babu wanda ya tambaye shi me ya hana shi yin nasa. An zauna, an auna, an ga wanda ya fi sauƙin lanƙwasawa, sai aka ɗora masa kayan. Kuma abin da ake so in faɗa ba ƙaramin abu ba ne. So ake in tsaya gaban malamaina in ce ni ma macuci ne, in sa hannu, a ajiye a fayil ɗina. Ba ni da babur, ba ni da baki, ba ni da jama'a. Abu ɗaya aka san ni da shi a sashen nan, idan na rubuta abu to na bincika. Shi ake so in miƙa, a kan wasa.

Ranar zaman kwamiti da hantsi aka shigar da mu. Shugabar sashe ce a tsakiya, malamai maza a gefe da gefe, da sakatare mai rubutu. Aka fara da shi. Ya gyara tsayuwa ya yi murmushin nan nasa.

"Ranku ya daɗe, wannan fa da kuke gani bawana ne. Ɗan mace ne, ni ɗan namiji. Abin cikin gida ne ya fito waje."

Wasu daga cikin malaman suka yi dariya. Wani dattijo a cikinsu ya cire tabarau yana girgiza kai, ya ce, "Ashe taubasai ne? To ai da an faɗa tun farko." Na ji kamar an mare ni. Ko a nan ma? Mutanen da suka koya mana cewa duk maganar da ka ɗauko sai ka faɗi mai ita, su ne ke dariya?

Shugabar ta juyo gare ni. "Kai kuma fa? Ka ba shi?"

Na tuna Inna da rariya a hannu. Na fara magana ƙasa-ƙasa, har sai da aka ce in ɗaga murya.

"Ranki ya daɗe, filash na ba shi ya kai a fitar mini. Ban ba shi aikina ba. Ban sani ba sai a ofishinki."

Ta koma kansa. "Ka ji. Ba ka ya yi, ko ɗauka ka yi?"

Da ya ce ba shi na yi, da maganata ce da tasa, kuma shi ya riga miƙawa. Amma dariyar ɗazu ta shige masa kai, ya ɗauka har yanzu a ƙofar masallacin ƙauyenmu yake. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Hajiya, taubashi ai ba ya roƙo. Ɗauka yake yi."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ta ce wa sakatare ya rubuta kamar yadda ya faɗa. Sai a lokacin na ga murmushin ya bar fuskarsa.

Ba a kore shi ba. An soke kundinsa, an dakatar da shi shekara guda, aka ce ya dawo ya yi sabo. Nawa aka karɓa. Ya kwashe kayansa daga ɗakinmu. A ƙauye kuwa labarin da ya bazu shi ne na kai ɗan'uwana ƙara saboda takarda. Kawu ya daina shigowa gidanmu. Aka yi suna a gidansa ba a gaya wa Inna ba, a bakin maƙwabta ta ji. Ita aka hukunta, matar da ba ta san ko harafi ɗaya na kundin ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ban yafe ba.

Da kaka, bayan sakamako ya fito, Inna ta ce, tana kallon bango, "Ya kamata a je a gaida Kawu." Na gane abin da take nufi. Na sa riga na tafi.

Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na cire takalmi na durƙusa.

"Ka zo ba da haƙuri?"

"Gaisuwa na zo yi, Kawu."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. "To, an amsa."

Bai ce in hau tabarma ba. Na zauna a durƙushe gwargwadon yadda ladabi ya buƙata, na yi masa sai an jima, na ɗauki takalmina. Da na koma gida Inna ta dubi fuskata sau ɗaya, ba ta tambaya ba, ta turo mini kwanon tuwo. Har yau ban ba da haƙurin ba, kuma har yau babu wanda ya ba ni.