Abin da Ta Rubuta a Takardata

Matata ta mutu a tsakiyar damina. Sai da ta yi shekara ɗaya da rabi a ƙasa na gane cewa shekara biyar ta yi tana rubuta mini abin da ban faɗa ba.

Ni mai fasa dutse ne. Ban taɓa shiga aji ba ina yaro. Guduma na sani, da wutar taya da muke hura wa dutse har ya tsage. Na ga rikicin garin nan, an ƙone mana ɗaki sau ɗaya, na binne 'ya'ya biyu. Ɗaya ya rage mana, namiji.

A cocinmu na Kabong akwai abin da ake yi ranar Lahadin farko ta shekara. Bayan wa'azi sai a raba takarda da ambulan. Kowa ya rubuta abin da ya ƙudura zai yi a gaban Allah a shekarar, ya liƙe, ya sa sunansa a baya, a zuba a akwati a ajiye gindin bagade. Ba mai buɗewa, ko Fasto. Lahadin ƙarshe ta shekara a mayar wa kowa da nasa ya duba inda ya tsaya. Fasto yakan ce ba roƙo ake rubutawa ba. Ka rubuta abin da ƙafarka za ta iya zuwa, hannunka zai iya kamawa.

Matata ta yi firamare har aji huɗu, don haka ita ke rubuta nata da nawa. Mukan fita bayan coci mu zauna a kan bulo, ta ɗora takardar a kan Littafi Mai Tsarki.

"Faɗi, Baban yara."

"Rubuta zan daina burkutu ranar Lahadi."

"Sauran kwana shidan fa? Na Shaiɗan ne?"

"Ke dai rubuta."

Shekarun farko abin da na faɗa take rubutawa. Sai abin ɗanmu ya faru.

Ya girma, ya gama sakandare, ya rasa aiki, ya faɗa shan ƙwaya da wasu abokansa a Gada Biyu. Wata rana da yamma uwarsa ta tsaya a ƙofa ta hana shi fita. Ya ture ta, kanta ya bugi turmi. Na dawo daga aiki na tarar da maƙwabta a tsakar gida, ɗankwalinta duk jini. Ban doke shi ba. A gaban kowa na ce masa, muddin ina numfashi kada ƙafarsa ta sake taka ƙofar gidana. Ya ɗauki jakarsa ya tafi. Daga baya muka ji yana aikin haƙar ma'adinin kuza a ramukan bayan gari. Sau ɗaya ta yi mini maganarsa. Na ce duk wanda ya sake ambaton sunansa ya bi shi. Ba ta sake ba.

Da sabuwar shekara ta zo muka zauna a kan bulon nan.

"Rubuta zan sa wa ɗaki sabon kwano."

Ta duƙa ta daɗe tana rubutu.

"Kwanon ne da tsawo haka?"

"Hannuna ne ba sauri."

Na sa kwanon kafin ruwa ya sauka. Ƙarshen shekara aka miƙo ambulan, ta buɗe ta duba.

"Ba ka yi ba."

"Ƙarƙashinsa kike kwana, ki ce ban yi ba?"

"Ba ka yi ba tukuna," ta ce, ta ninke takardar ta soke a zaninta.

Na ɗauka mita ce kawai. Shekara ta gaba na ce zan riƙa shiga coci kafin waƙar farko, kuma na yi. Wata shekarar na ce zan bar taba, na bari har yau. Kowane Disamba amsarta ɗaya. Sau ɗaya raina ya ɓaci na ce ta ba ni in kai wa wani ya karanta mini. Ta ce abin da ke tsakanin mutum da Allahnsa ba a kai wa na uku.

"To ke fa?"

"Ni biro ce kawai."

Hawan jini ne ya kayar da ita a wajen tumatirinta. Kwana uku ta yi a kwance ta rasu. Ranar jana'iza ban ga ɗanmu ba, na ƙara riƙe shi a zuciya.

Janairun da ya biyo baya aka miƙo mini takarda, na riƙe ta kamar garwashi. Wani dattijon coci ya ce, "Kawo in rubuta maka, ɗan'uwa." Na ƙi. Na liƙe ta ba komai a ciki na jefa a akwati. Kunyar wannan ce ta kai ni ajin manya da ake yi a coci ranar Talata. Ni kaɗai ne namiji cikin tsofaffin mata. Ɗaya takan ce, "Baba, a hankali, takarda ce ba dutse ba." Na huda littafi biyu kafin hannuna ya saba. Shekara guda na yi kafin in iya haɗa baƙi ya zama magana.

A Disamban shekarar ƙanwar matata ta aiko in ba ta zanen zumuntar matan coci na yayarta. Na kwance ƙunshin kayanta, sai ga takardu biyar a ɗaure da roba, da sunana a bayan kowace. Na zauna a bakin ƙofa ina bi da yatsa. Na nemi kalmar kwano ban gani ba. Ta farko ta ce: Bana zan je in ɗauko ɗana. Ta biyu haka, ta uku haka, ta huɗu haka. Ta biyar rubutun ya karkace, kuma ta rage mini nauyi: Bana zan je wurin ɗana, ko in gaishe shi kawai.

Ban yi kuka ba. Washegari na shiga mota zuwa ramukan kuza.

Rami uku na tambaya kafin in same shi. Yana tsugune cikin jan ruwa yana wanke kuza a kwano. Ya rame, haƙoransa na gaba biyu babu. Wani da ke kusa ya ce, "Kai, ga wani tsoho da irin goshinka."

Ya ɗago.

"Sannu da aiki," na ce.

"Yauwa, Baba." Kamar ya ga mai sayen kaya.

"Uwarka ta rasu."

"Na sani. Ina kan dutsen bayan maƙabarta. Na ga lokacin da ka zuba ƙasa."

"Me ya hana ka saukowa?"

"Ka ce muddin kana numfashi. Na ga kana numfashi."

Na ciro takardun na miƙa masa. Ya goge hannu a wando ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan ta biyar.

"Rubutun Mama ne wannan. Naka ina?"

"Lokacin ban iya ba."

"Bakinka fa, Baba? Shi ma ba ka iya ba?"

"Ga ni na zo. Tashi mu tafi gida."

"Wa ke gidan?"

Ya ninke takardun ya sa a aljihun rigarsa, ya ce waɗannan nasa ne. Aka kira shi daga bakin rami. Ya ɗaura igiya a ƙugu, abokan aikinsa suka zura shi ciki. Na tsaya har rana ta karkata, bai fito ba, ko ya fita ta wani bakin.

Na koma sau biyu. Zuwan farko aka ce ba ya nan. Na biyu aka ce ya bi wasu zuwa wata haƙa a wata jiha. Kowa da sunan garin da yake faɗa.

Lahadin farko ta bana na fita bayan coci na zauna a kan bulon. Na rubuta da hannuna abin da ta rubuta a takarda ta biyar, na liƙe. Fasto ya ce mu rubuta abin da ƙafa za ta iya zuwa. Ni ban san inda zan nufa ba, amma ba ni da wani abin rubutawa.

Ina nan Kabong, ni kaɗai, ƙarƙashin kwanon da ba ya yoyo. Ƙirjina ya hana ni ɗaga babbar guduma, tsakuwa nake fasawa a bakin hanya. Ambulan ɗina yana gindin bagade. A Disamba za a miƙo mini shi, ni zan buɗe, ni zan ce wa kaina ban yi ba.