Yadda Java ta raba min suruki gida biyu

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo Kiru, babu wanda ya tsira daga bakina. Har mai shayi sai da ya sha bayanin bambancin Java da Python, harsunan da ake rubuta manhaja da su. Java ta manya ce, in ji ni, kuma ni babba ne.

A lokacin ina neman auren wata yarinya a Burumburum. Mahaifinta ke shugabantar ƙungiyar manoma da makiyaya, kuma bai ga dalilin ba da 'yarsa ga mai danne-danne a kan cinya ba. Don ya san ina da sana'a, na yi masa alkawarin manhajar da za ta riƙe bayanan 'yan ƙungiyarsa.

A tsarin Java sai ka fara ƙera aji, kamar abin buga bulo, kowane mutum ya fito daga cikinsa. Na ƙera biyu, Manomi da Makiyayi. Python da C++ sun yarda sabon aji ya yi gadon aji biyu lokaci guda. Java kuwa ɗaya ta sani. Tana da hanyar kewaye wannan, amma ranar da aka koyar da ita ina gidan kallon ƙwallo.

Ranar gwaji dattawa suka cika tabarma. Na buɗe kwamfuta ina hura hanci, na dubi mahaifin yarinyar.

"Baba, da kai za mu fara. Manomi ne kai ko makiyayi?"

"Ga gonata can, ga shanuna can," in ji shi.

A garinmu na girma, na san rabin mutanen nan haka suke, amma ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba. Na yi wuf na shigar da shi sau biyu. Sakataren ƙungiya ya leƙo, ya karanta sunan shugaba da ƙarfi, ya sake karantawa. Dattawa suka tuntsire da dariya, kunya ta rufe ni.

Shugaban kuwa bai yi dariya ba. "Yanzu mu biyu ne ke nan?"

"Na ɗan lokaci ne, Baba."

"To madalla. Manomin ya ji maganar aurenka, ba shi da ja. Makiyayin kuwa ya tafi kiwo."

Na ce, "Yaushe zai dawo, Baba?"

Ya miƙe yana kaɗe riga. "Ranar da injinka ya haɗa mu."