Saura Biyar

Hancina ne ya fara kama shi. Wata Asabar da la'asar ɗana ya shigo ya durƙusa yana gaishe ni, sai na ji wani ƙauri a hannun rigarsa, kamar an ƙyasta ashana an kashe. Shekara sittin da ɗoriya rabona da wannan ƙaurin, amma ban yi kokwanto ba. Na tambaye shi wa ya ba shi bindiga a ƙasar mutane. Ya yi ta kame-kame kafin ya faɗi gaskiya. Wai akwai wani wuri can bayan gari inda hukuma ta yarda a yi harbin allo, nan yake zuwa da abokansa, bindigogin ma na wurin ne, ba a fita da su. Wai an kawo wata libarba da kowa ke ɗokin riƙewa, sati mai zuwa layi zai zo kansa, yana so in sa masa albarka.

Ban sa ba. Na mai da fuskata taga. Benayen Mansura, birnin Larabawan da muke zaune, suna nan tsaye da shanyarsu, amma ni tsamiyar ƙofar gidanmu nake gani.

Ku da kuka tashi yanzu ba ku san kaka a ƙauye ba. An yanke dawa, an jingina kara, rana ta yi laushi, gari ya cika da ƙamshin gyaɗa sabuwar tona. A irin wannan lokacin maharba ke taruwa a gindin tsamiyarmu, don Babana na cikin manyansu. Kowa ya shimfiɗa buzu, ya ɗora bindigar tokarsa a cinya yana shafe ta da man kaɗanya kamar mai yi wa jariri wanka. Suna tsokanar juna, wannan ya ce bindigar wancan sai an roƙe ta take tashi, wancan ya ce ta wannan ko zabuwa ta raina ta. Wanda albarushinsa ya ƙare a ɗibar masa a tafin hannu, ba godiya, ba gori. Ni nake kai musu fura. In na ajiye ba na tafiya, sai in raɓe a jikin tsamiya. Fuska ba ta dame ni ba tun ina ƙarama, hannun mutum nake kallo.

Bindigar toka magana ɗaya take yi. A zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna, a harba, shi ke nan ta zama sanda. Kafin a sake ɗura ta, maharbi zai juyo bakinta ya busa a ciki don ya kashe ragowar wuta. Baba ya yi wannan busar har ta zame masa kamar hamma, ba ya sanin ya yi.

A cikinsu akwai wani tsohon soja da ya je yaƙin Turawa ƙetaren teku, ya dawo da kunne ɗaya a toshe da kuma libarba a ƙunshe cikin tsohuwar safa. 'Yar ƙarama ce, baƙa wuluk, da wani ciki mai juyawa. Sau ɗaya a shekara yake fito da ita, a miƙa ta hannu zuwa hannu, kowa ya jinjina nauyinta ya yi ajiyar zuciya. Damina bakwai Baba yana bin sa ya sayar masa da ita. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce mai noman gero ina shi ina kayan Bature. Ban san abin da ya sauko da shi ba. Na dai tashi wata safiya na ga turken jakinmu ba kowa, Inna kuma ta yini tana daka da ƙarfin da ya fi na kullum.

Da hantsi suka fita bayan gari gwada ta, na bi su da tulun ruwa. Har yau ina ganin wurin kamar a mafarki: ciyawa ta yi ja, balbelu suna tafe a hankali bayan shanu, an kafa goran duma a kan kututture. Tsohon soja ya karya bindigar, ya shiga zura harsashi. Maza suna ta gardamar ko Baba zai samu gora. Ni ina ƙirgawa da yatsu. Hannuna ɗaya ya ƙare, na ara ɗaya a ɗayan.

Baba ya miƙe hannu ya harba. Goran ya tarwatse, 'ya'yan duma suka watsu sama suna ƙyalli. Duk suka juya can suna shewa, Sarkin Baka ya fara yi masa kirari, tsohon soja ya ba shi baya yana dariya. Ni kaɗai na ga hannun. Baba yana murmushi, idonsa na kan kututture, ya juyo bakin bindigar yana kai shi leɓensa, yatsansa na nan a kan kunama.

Yarinya ba ta magana a tsakiyar maza. Na san haka, an sha dukana a kai.

"Baba, saura biyar!"

Ya tsaya da baki a tsuke. Tsohon soja ya tako a hankali, ya kama wuyan hannunsa ya karkatar da shi ƙasa, ya zare yatsan kamar mai cire ƙaya. Ya zazzage harsasan a tafinsa. Biyar. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya taɓa tayar da maganar a gindin tsamiya, su da ba sa barin kuskuren mutum ya kwana. Sun rufa masa asiri har suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Baba bai gode mini ba, ba a yin haka a lokacinmu. A hanyar gida dai ya karɓi tulun daga kaina ya riƙe da kansa, a gaban abokansa.

Wannan ne ya sa da Asabar ta zagayo na yafa mayafi na ce wa ɗana tare za mu. Abokansa suka taso da Mama sannu, Mama ga kujera. Akwai likita ɗan wajen Katsina, akwai wani Kirista ɗan Filato mai gyaran na'urorin asibiti, da wani Balarabe mai furfura da ke ta ce musu yalla, wai su hanzarta. Tsokanar dai ita ce, ɗan Filato yana cewa ɗana ko bangon ɗaki aka kafa masa sai ya kuskure. Aka toshe mini kunnuwa da wani abu kamar faifai biyu, aka zaunar da ni bayan gilashi. Ba hayaƙi, ba ciyawa, sai sanyin na'ura.

Ɗana ya ɗaga hannu, na ga wuyan hannun kakansa sak. Na shiga ƙirga da carbina. Da na kai shida na saki numfashi, na ce a raina ta gama. Sai ta sake tashi.

Carbin ya faɗi a cinyata. Ashe ta zamani bakwai take ci. Ƙirgar da na riƙe tsawon rayuwata, wadda na zo da ita don in tsare ɗana, ita ma ta tsufa. Shi kuwa bai dogara da ƙirga ba. Ya buɗe cikin bindigar, ya zazzage, ya leƙa, ya nuna wa Balaraben, sannan ya ajiye ta bakinta na kallon allo.

Ya fito yana share gumi, ya durƙusa a gabana, abokansa na jira su ji.

"Allah ya yi maka albarka," na ce. "Amma ko ni na ce maka ta ƙare, ka buɗe ka duba."