Mai Ciyawar Teku a Layin Ƙanƙara

A layin sayen ƙanƙara a unguwar Farcha duk mahauta ne, sai wata mata ita kaɗai. Farar rigar ɗakin bincike na leƙowa ta ƙarƙashin lafayarta, leɓɓanta sun bushe, ta rungume kula kamar mai ɗauke da jinjiri marar lafiya. Jim kaɗan sai ta ɗaga murfin, ta taɓa kwalaben ciki da bayan hannu. A kowace kwalba wani jan abu sirara-sirara yana lilo cikin ruwa.

"Hajja, jijiyar nama ce?" in ji dattijon mahaucin da ke bayanta.

"Ciyawar teku ce, Baba. Muna renonta ko za ta zama abincin kifin kiwo. An ɗauke wuta tun jiya, injinmu kuma babu mai. In ruwan ya ɗumama, mutuwa take."

"Teku a Cadi?" Ya girgiza kai.

Ta ƙara rungume kular. Ni da ke cikin layin, ina jin daga ƙasar da ta yi karatu ta zo da irin, ita ke haɗa masa ruwan gishiri shekara da shekaru.

Da layi ya iso kanta, guntuwar ƙanƙara ce kaɗai ta rage. Ta saya, ta tsuguna tana ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya cikin haske. Waɗanda suka koma fari tana ajiye su a ƙasa, jajayen tana manna su jikin ƙanƙarar. Ta ƙarshen rabi ja ce, rabi fari. Har na bar wurin tana riƙe da ita.